Uwar Ɗaki Ta Tafi Da Ruwan Hambali

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, har ya ɗan gusa ya ba haushi wurin zama, Malam Hambali Bukar, mai zanen atamfa a saman bene bayan Kantin Kwari, Fagge, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da abokan ciniki, har da waɗanda suka daina gaishe shi, rasuwar kwamfutarsa ta tebur wadda aka fi sani da Uwar Ɗaki. Ta rasu wata ranar Talata da hantsi tana kan aiki, bayan shekara goma sha huɗu a hannunsa. Shekarun da ta yi a Turai kafin a sauke ta a Sabon Gari ita kaɗai ta san adadinsu, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

An jinkirta wannan sanarwa kwana talatin da ɗaya saboda mai ita bai yarda ta mutu ba. Yanzu ya yarda.

Su biyu suka kawo marigayiya wannan shago, Hambali da Malam Bahauddeen Modu, abokinsa tun suna karatun zane a Zariya, wanda suka buɗe shagon tare. Hambali ya rungumo allon, wani ƙato mai ƙeya kamar tukunyar biki, Bahauddeen ya saɓo akwatin, suka hau matakala ashirin da biyu suna gardamar wanda nasa ya fi nauyi. Bahauddeen ne ya raɗa mata suna, domin ya ce daga ranar a ƙarƙashinta za su riƙa cin abinci. Sunan ya bi ta har ƙarshe, ko da yake wanda ya raɗa shi bai kai ƙarshen tare da ita ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da natsuwa. In an danna maɓallinta da safe takan yi shiru tukuna, kamar mai ƙoƙarin tuna mafarki. Sannan ta ce ƙirrr, ƙirrr, ta ja dogon numfashi, wuuu, ta rufe da tit guda ɗaya. Tsakanin ƙirrr na farko da tit ɗin nan mutum zai iya sauka ya gaisa da masu shagunan ƙasa, ya sha kokonsa, ya dawo ya same ta tana gyara zama. Ba ta taɓa gaggauta wa kowa ba, kuma ba ta taɓa yarda a gaggauta mata ba. In zane ya yi mata nauyi sai ta ce gurrr, ta tsaya cak. Hambali ya san ba mutuwa ba ce, tunani ne. Lokacin zafi yakan cire murfin gefenta ya juya mata fankar shagon, shi ya zauna yana gumi, kuma bai taɓa jin an zalunce shi ba.

Amma babbar ɗabi'arta, wadda ba a san darajarta ba sai da aka rasa ta, ita ce zama wuri ɗaya. Ba ta zuwa wajen kowa. Duk attajirin da ke son zane, komai girman rigarsa, sai ya hawo matakalar nan ashirin da biyu, kuma kafin ya iso sama haki ya cinye rabin gyare-gyaren da ya taho da su. Ya zauna a benci yana maida numfashi, a nuna masa aiki, ya ce ya yi. Waɗanda ƙarfinsu ya rage sukan taso su dangwala wa allon yatsa su ce a matsar da wannan fure nan, a rage wancan ganye. Mutumin Kwari bai iya kallon abu da ido kaɗai ba, sai ya taɓa. Ita kuwa ta sha yatsun alhazai shekara goma sha huɗu, da maiƙon kilishinsu da danshin alwalarsu, ko ɗigo ɗaya bai taɓa motsawa daga inda Hambali ya ajiye shi ba. Da yamma ya goge mata fuska da ƙyalle, shi ke nan.

Ba za a kammala tarihin marigayiya ba sai an yi zancen launi. A Kwari launi ba shi da lamba, dangi gare shi. Akwai ruwan goro, ruwan toka, ruwan zuma, ruwan hanta, ruwan malmo. Kowane launi yana da abin da aka jingina shi da shi, kuma ba a saba jingina shi da mutum ba. A shekara ta uku da zuwanta, Hajiya Gumsu, babbar 'yar kasuwar da ake kira Ya Gumsu a layinsu, ta hawo benen ta ce tana son zanen ganye a kan shuɗi, shuɗi na kowa da kowa, ruwan bula. Hambali ya haɗa ruwan bula da idonsa, ya duba allo, ya ga ruwan bula, aka tura kamfanin da ke buga mata kaya a ƙasar Sin. Da dilolin suka iso aka farke ta farko, sai ga wani abu daban. A inuwa shuɗi ne mai duhu. In an fita da shi rana sai wani ja-ja ya taso daga ƙarƙashi, kamar garwashin da toka ta rufe. Hambali ya kwana biyu yana tsara kalmomin ban haƙuri. Kafin ya gama tsarawa kayan sun ƙare. Mata daga Maiduguri da Yamai da Injamena suna ta aike a ƙaro musu, suna tambayar sunan launin. Ya Gumsu ta ce ita ma ba ta sani ba, a tambayi Hambali. Haka aka yi aka samu ruwan Hambali.

Ya haɗiye ban haƙurinsa. Daga ranar, duk wanda ya tambaye shi sirrin abin, sai ya ɗaga kai ya kalli silin ya ce ido ne, kuma ido ba a koyar da shi. A cikin ransa kuwa ya tabbata Sinawa ne ba su iya rini ba, Allah Ya sa kuskurensu ya zama alheri. Madam Julie, mai injin buga samfur a ƙyalle a Sabon Gari, ita ma duk lokacin da ya kai mata ruwan bula, wannan launin take fito masa da shi, don haka ita ma ya sa ta cikin waɗanda ba su iya aiki ba. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa tsayawa ya yi mamakin yadda wata mata a Sabon Gari da wani kamfani a Sin, waɗanda ba su san juna ba, suke yin kuskure iri ɗaya ba. Mai digiri ne, yana da bayanin komai.

Wanda ya yi mamakin shi ne Bahauddeen. Shekara bakwai da suka wuce ya faɗi magana biyu a rana ɗaya. Ta farko, ya ce allon nan ƙarya yake yi, abin da yake nunawa ba shi ne abin da ke cikin zanen ba. Ta biyu, ya ce Uwar Ɗaki ta fara tsufa, ya kamata a kwafe duk abin da ke cikinta a ajiye wani wuri. Hambali ya ji ta farko a matsayin zagi, ta biyu a matsayin shiri. Domin shi bai taɓa yarda zanensa ya kwana wuri biyu ba. Ba ya turawa ta waya. A filash yake sakawa, a kai kamfani hannu da hannu, a dawo masa da filash ɗin ya goge da kansa, saboda a Kwari zane in ya fita da safe, kafin la'asar ya haifi 'ya'ya a shago huɗu. Bayan kwana uku ya dawo daga sallar azahar ya tarar da filash ɗin Bahauddeen a soke a jikinta, tana gurrr.

Da a nan saman bene ya faɗi abin da ya faɗa, da wataƙila bango ya riƙe. Sai ya sauko, ya bi shi har layin Ya Gumsu, a gaban masu shago da masu saye, ya kira shi ɓarawo. Bahauddeen ya gyara hularsa, ya tura filash ɗin aljihu, ya tafi. Ya buɗe nasa wurin a Titin Ibrahim Taiwo, yana zanen bangon littattafai da kalanda da allunan shaguna. Tun daga ranar masallacin Juma'arsu ɗaya, amma kowa da ƙofar da yake fita. Matansu suna zuwa sunan juna, su dawo ba su ba da labari ba. Hambali ya shekara bakwai yana zaga Kwari da ido, yana jiran ranar da zai ga launinsa a shagon wani ya ce ai na faɗa. Bai gani ba. Wannan ma ya lissafa shi cikin muguntar mutumin: ya saci abu, sannan ya ƙi amfani da shi, don kawai ya hana mai gaskiya gaskiyarsa.

Ciwon ajali ya fara mata da mantuwa. Kowace safiya sai ta farka tana zaton ranar ɗaya ga Janairun wata shekara ce da ta daɗe da wucewa, sai Hambali ya zauna ya gaya mata kwanan wata, a hankali, yadda ake yi wa tsofaffi. Daga baya tit ɗinta ya koma biyu, wani lokaci uku. Ta fara kashe kanta tsakar aiki ba sallama. Duk da haka ba ciwon ne ya ɗauke ta ba. Masu wuta sun yi kwana tara ba su waiwayi layin ba, ana ta lallaɓawa da janareta. A rana ta goma suka tuna, suka turo wutar kwana taran gaba ɗaya a lokaci guda. Aka ji fat. Hoton ganyen da ke kan allo ya tsuke ya zama ɗigo ɗaya fari, ɗigon ya ɗan jima kamar mai son yin wasiyya, ya ɓace. Kalmarta ta ƙarshe ita ce tsss. Sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta da aka ajiye shekara goma sha huɗu domin wannan rana kaɗai, ko ƙwarzane bai samu ba.

An garzaya da ita a A Daidaita Sahu zuwa Sabon Gari, wajen Edward, mutumin Wusasa, wanda ya san cikinta fiye da yadda ya san aljihunsa, kuma wanda ba ya kiran Hambali da wani suna sai Farfesa. Edward ya shinshina ta sau ɗaya ya ce a yi haƙuri. Hambali ya ce a kwantar da ita. Aka kwantar. Aka cire rumbun da take ajiye zane a ciki aka aika Legas wajen wani da aka ce yana ta da matattu, ya dawo da shi da takardar ban haƙuri. Aka nemi kamfanin Sin, aka tarar ya sauya hannu sau biyu, sababbin masu shi ba su ajiye komai na da ba, kamar dai yadda Hambali ya sha rantsar da na farkon su yi. A rana ta talatin da ɗaya Edward ya kira shi bayan kantar shagonsa, ya buɗe ƙeyar allon, ya nuna masa wani wuri da bakin sukudireba. Ba baƙin ƙuna ba ne irin na sauran wuraren. Tsohon tabo ne, har ya yi tsatsa.

"Farfesa, wannan ciwon ya girmi zamanku. Jan allon nan rabinsa a mace yake tun kafin ka saye shi. Kai kana ta zuba ja kana cewa bai ji ba, ita tana ɓoye maka."

Hambali ya tambaye shi me yake nufi, ko da yake ya riga ya gane.

"Ina nufin launin nan da ake kiranka da shi, ba ka taɓa ganinsa a wurin aikinka ba. Sai a jikin matan mutane." Edward ya mayar da murfin. "Akwai wanda ya taɓa gaya maka haka. Na ji har suna ka sa masa."

Iyalan marigayiya suna godiya ga Edward bisa ƙoƙarinsa, kuma suna ganin maganar ƙarshen nan ba ta cikin aikin da aka ba shi.

Dole a ambaci wanda ya gaji kujerarta, ba don ya cancanta ba. Shekara biyu da suka wuce Ya Gumsu ta dawo daga tafiya ta kawo wa Hambali tsarabar kwamfutar hannu, irin shafaffiyar nan da ake kira tabulet, ta ce duk masu zane yanzu da ita suke aiki. Ya yi godiya, ya bar ta cikin kwalinta, ya riƙa ɗora kofin shayi a kai. Daga nan ta samu sunan Faranti. Da aka yi rasuwa babu yadda ya iya, ya fito da Faranti.

Faranti ba ya gaisuwa. Kafin ka gama taɓa shi ya buɗe ido yana kallonka, ba ƙirrr ba wuuu, kamar wanda dama bai yi barci ba yana jiran ya ga abin da za ka yi. Yana da alƙalami, alƙalamin kuma sai an ba shi wuta kafin ya yi rubutu. Hambali ya shekara talatin yana riƙe alƙalami, bai taɓa haɗuwa da wanda yake jin yunwa ba sai bana. In ka ɗan karkata shi, zanen ya juya maka baya. In kana tsakar aiki, ya ce yana son ya sabunta kansa, kuma ba shawara yake nema ba. Abin da ya fi ciwo, layin da yake ja ya fi na marigayiya laushi. Ganyen da linzamin kwamfuta kan ɗauki rabin yini yana lanƙwasawa, alƙalamin nan yana gama shi kafin shayi ya huce. Hambali ya lura da haka, kuma bai yafe ba.

Sannan Faranti ba shi da kamun kai. Kowa ya taɓa shi sai ya amsa. Satin farko wani Alhaji ya hawo, ya dangwala yatsa yadda ya saba ya ce a matsar da wannan fure, furen ya bi yatsansa har bakin allo. Alhaji ya ji daɗi, ya ja kujera. Kafin a ƙwace, ya matsar da fure shida, ya ja wani jan layi daga sama har ƙasa, ya buga yatsu biyu sau da yawa yana tambayar wannan kuma me yake yi. Abin da yake yi shi ne goge aikin safiya ɗaya bayan ɗaya. Da zai sauka ya ce ashe abin ba wuya.

Bai ma daɗe yana hawowa ba, domin labari ya zaga cewa yanzu shagon Hambali yana shiga jaka. Matakala ashirin da biyu, waɗanda suka yi shekaru suna tace masa mutane, suka tashi aiki. Yanzu waya ake yi masa a ce ya zo da abin nan nasa. Mutumin da attajirai ke hawowa wajensa suna haki, shi ne yau a tsugune tsakanin diloli, Faranti a kan gwiwa, mutum biyar a kansa, kowa da yatsa. Ranar nan a cikin A Daidaita Sahu, a cunkoson Titin Ibrahim Taiwo, aka kira shi aka ce ya rage girman ganye yanzu-yanzu, tunda ai yana tare da shi. Ya rage. Da ya ɗaga kai ya ga a ƙofar shagon wa suke tsaye, sai ya mayar da kan ƙasa ya ƙara rage ganyen.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban laifin Faranti shi ne gaskiya. Abin da ka zuba shi yake nuna maka, shi kuma yake fitarwa. Ya Gumsu tana son a sake buga ruwan Hambali domin kasuwar Sallah, wakilinta zai tashi ranar Alhamis mai zuwa, in zane bai bi shi ba kaya ba za su iso a kan lokaci ba. Hambali ya zauna ya haɗa launin yadda ya saba haɗawa, ya kai wa Madam Julie, ta buga. Ruwan bula ya fito, tsab, irin wanda aka nema shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya ƙara ja, ya fito ruwan malmo. Ya rage, ya koma bula mai mura. Ya ɗauki hoton tsohon zanen matarsa don ya ciro launin daga ciki, hoton safe ya ba shi wani abu, na azahar ya ba shi wani, zanen kuma ya sha wanki. Ashe ma abin ba launi ɗaya ba ne, uku ne a kan juna, na ƙasa da na inuwar ganye da na jijiyoyinsa, kuma kowanne marigayiya ta yi masa tata ƙaryar daban. Samfur goma sha ɗaya ya kai. Kowanne Ya Gumsu takan karɓa, ta taka zuwa bakin layi inda rana take, ta juya shi sau biyu, ta dawo ta miƙa masa. Sai a na goma sha ɗaya ta yi magana.

"Ya yi kusa, Hambali. Amma ni ba kusa na ce a yi mini ba. In Alhamis ta yi babu, zan ɗauki zanen kamfani in huta. Mai Faranti ya yi yawa a garin nan, kowa yana zana ganye. Kai launin nan ne ya sa nake hawa benenka da gwiwar nan tawa."

Ba ta tsaya nan ba, domin ita ba ta da gaba da kowa. Ta je Titin Ibrahim Taiwo da ƙafarta. Ta ce Bahauddeen ya tarbe ta da girmamawa, ya buɗe durowa, ya fito da filash naɗe cikin takarda, an rubuta kwanan wata na shekara bakwai da suka wuce a jiki. Ya nuna mata, ya mayar, ya rufe. Ya ce ajiya ce, ba tasa ba ce, ba zai ba kowa ba sai mai ita, kuma mai ita ya san hanya.

Mai ita ya san hanya. Amma mutumin da ya tsaya a tsakiyar Kwari ya kira wani ɓarawo, da wace fuska zai je ya ce a ba shi aron kayan satar? Shi kuma wanda aka kora da wannan suna ba zai hawo benen da aka kore shi ba, ba tare da dalili ba. Edward ya ce su haɗu a shagonsa, ƙasar da ba ta kowa ba, kowannensu ya aiko cewa yana da uzuri. Sharifa, matar Hambali, wadda ta gaji da ganin zanenta a shanye ana ɗaukarsa hoto, ita ce ta ce a garin nan zuwa ɗaya ne ba ya bukatar gayyata, ba a tambayar mai yinsa me ya kawo shi, kuma ko tsakaninku da mutum akwai shari'a sai ka yi shi: gaisuwar mutuwa. Ta ƙara da cewa abin takaici, a gidajen biyu kowa lafiyarsa ƙalau. Hambali ya daɗe yana kallon shatar da akwatin marigayiya ya bari a kan tebur.

An tuntuɓi limamin unguwa a Kwaciri kan zaman ta'aziyyar kwamfuta. Ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, ba a yi masa addu'ar mamaci, kuma iyalai sun karɓi wannan ba gardama. Ya ce abin da ya samu Hambali asara ce, asara kuwa jaje ake yi mata, ba ta'aziyya ba. A nan ne aka ɗan samu saɓani. Jaje ana iya aiko shi ta waya, ana iya ba wani saƙo ya isar, ana iya cewa a gaishe shi in an haɗu. Ta'aziyya ƙafa take bukata. Liman ya saurari bayanin har ƙarshe, ya shafa gemu, ya ce shi dai bai ce ta'aziyya ba ce, amma bai san inda aka hana mutum shimfiɗa tabarma a shagonsa ba. Masu yaɗa cewa wannan sanarwa dabara ce ana roƙonsu su bari a gama zaman tukuna.

Marigayiya ta rasu ta bar kibod guda, wanda haruffa shida suka goge daga fuskarsa saboda hidima. Ta bar linzami, yana nan a gefen tebur da wayarsa, ba abin da zai ja. Ta bar sitabilaiza, yana cikin ƙoshin lafiya, ba a magana da shi. Ta bar zane sama da ɗari huɗu a jikin mata daga nan har Injamena, da mutum ɗaya mai shekara hamsin da uku wanda ake kiran wani launi da sunansa, bai san yadda ake yinsa ba. Faranti ba ya cikin dangi.

Gawa tana wajen Edward a Sabon Gari. Za a miƙa ta ga masu sayen tsofaffin ƙarafa ranar Juma'a da safe, ban da allon, wanda mai shi ya ce a dawo masa da shi ko ba ya kamawa, domin shekara goma sha huɗu ana yi masa ƙarya mai amfani, ba zai bari a auna ta a sikeli ba.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa kwana uku, Litinin da Talata da Laraba, daga hantsi zuwa la'asar, a shagon da ta rayu, saman bene bayan Kantin Kwari. Matakalar tana nan yadda aka san ta. Ba a bukatar hatsi ko dafaffen abinci. Ana roƙon masu zuwa, musamman alhazai, su riƙe yatsunsu a jikinsu, Faranti zai kasance a wurin.

Malam Hambali ya ce a rubuta wannan a fili, tunda a fili ya yi wancan: allon nan ƙarya yake yi. Wanda ya fara faɗa ya faɗi gaskiya, kuma wanda ya ajiye wa mutum kayansa shekara bakwai bai taɓa ba, ba sunan da aka kira shi da shi ne sunansa ba. Za a liƙa kwafin wannan takarda a layin Ya Gumsu, daidai inda aka yi maganar.

In akwai mai ajiyar marigayiya a hannunsa, ba za a tambaye shi komai a bakin ƙofa ba, ya ce ya haƙuri, a ce da godiya. Sai dai a sani, an juya Faranti ta kowace fuska, ba shi da ramin da ake soka filash. Don haka mai zuwa ya taho da tasa kwamfutar, kuma ya taho da niyyar zama, aikin launi uku ne, ba na tsaye ba ne. Kujera ta biyu, wadda ta shekara bakwai tana ɗauke da tsofaffin samfura, an sauke mata kaya an goge ta.

Laraba da la'asar za a naɗe tabarma.